Motar Haibirid da Jan Karafan a Kudancin Jidda

Karafan ɗaki ne mai tayoyi da ake ƙulla wa mota a baya, a ja shi zuwa bakin teku ko cikin sahara, a yada zango a kwana a ciki. A Saudiyya sunan ya haɗa har da ɗakunan ƙarfe da ake girke wa ma'aikata a wuraren gini, da 'yan shagunan gahawa masu taya da matasa ke kafawa a gefen titi. Khumra, yankin rumbunan ajiya da garejoji da ke kudancin Jidda, tana kan hanyar masu irin wannan ja. Ta nan ake ratsawa zuwa gaɓar kudu da Shu'aiba, har a miƙe titin bakin Bahar Maliya da ya nufi Jizan. Yanki ne na manyan motoci. Kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Jidda da yawa a nan suke kwana, kuma a 2019 hukumar tashoshin ruwa ta ƙasar, Mawani, ta ƙaddamar da babban filin ajiya da rarraba kaya a wurin. Mai ƙaramar mota da ya ɗauro karafan a Khumra, tsakanin tireloli zai yi tafiyarsa, ga zafi, ga ƙura, ga iskar teku.

A da ba a tambayar wace mota ce za ta ja. Land Cruiser ce, ko Patrol, ko ƙatuwar GMC da 'yan ƙasa ke kira Jims, fetur kuma kamar kyauta. Abin ya sauya a Janairun 2018, lokacin da litar fetur mai lamba 91 ta tashi daga halala 75 zuwa riyal 1.37. A Yulin 2021 gwamnati ta kafa mata iyaka a riyal 2.18, mai lamba 95 kuma a riyal 2.33. Tun daga nan motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da na lantarki, suka samu karɓuwa, musamman na Toyota, wanda kamfanin Abdul Latif Jameel na Jidda ke dillancinsa tun 1955. Camry haibirid ta zama motar haya, ta zama ta iyali. Magidanta da dama, har da Hausawan da suka daɗe a unguwannin kudancin birnin irin su Karantina da Gulail, mota ɗaya ce gare su: ita ce ta zuwa aiki, ita ce ta kai yara makaranta, ita kuma ake so ta ja tirela ranar hutu.

Haibirid ta yau da kullum tana ɗauke da injin fetur, da injin lantarki ɗaya ko biyu, da batir ƙarami wanda bai cika wuce kilowat-awa ɗaya zuwa biyu ba. Ba a yi batirin don ya kai mota nesa ba. Aikinsa shi ne ya tara wutar da ake samu lokacin rage gudu, ya mayar da ita lokacin tashi ko wuce wata mota. Da yake akwai wannan tallafi, sai aka tsara injin fetur ɗin don tsimin mai fiye da tsabar ƙarfi. A cunkoson cikin gari tsarin ya dace ƙwarai, domin tsayawa da tashi ba sa ƙarewa, batir yana raguwa yana cika. Ja kuwa nauyi ne da ba ya sauka, da iska mai tokare faffaɗan gaban karafan tun daga tashi har isa. Injin lantarki yana ba da dukan ƙarfin juyinsa tun mota tana tsaye, shi ya sa haibirid ke tashi da kaya sumul, babu kulocin da zai ƙone, har direba ya ɗauka kayan ba su kai su kawo ba. A nan ake ruɗuwa. Tayar da kaya shi ne mafi sauƙi a aikin. Riƙe su awa uku cikin rana, da tsayar da su a gangara, su ne ke nuna ko mota ta isa.

Haibirid mai filogi, wadda ake yi wa caji a gida, batirinta ya ninka wancan sau da yawa. Na RAV4 mai filogi ya kai kilowat-awa 18. Wannan ya ƙara mata nauyi, nauyin kuma yana taimaka mata wajen riƙe karafan, sai dai yana rage kayan da za ta iya ɗauka a cikinta, kuma da zarar cajin ya ƙare ta koma kamar 'yar'uwarta. Akwai kuma mai ɗan ƙaramin tallafin lantarki na bolt 48, wadda a wajen ja ba ta da bambanci da motar fetur zalla.

Don haka babu amsa ɗaya ga dukan haibirid. Toyota ta fara sayar da Prius a Japan a 1997, amma sai a zubi na huɗu, wanda ya fito a ƙarshen 2015, aka ba ta izinin ja a Turai, shi ma kilo 725 kacal. Mitsubishi Outlander mai filogi an ba ta kilo 1,500 a Turai. Ford F-150 haibirid ta 2021 tana iya jan sama da tan biyar da rabi idan an haɗa ta yadda ya kamata. Camry haibirid kuwa, littafinta na Amurka cewa ya yi kada a ja komai da ita. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne mota ɗaya ta samu lamba dabam-dabam. RAV4 haibirid zubi na biyar, mai jan ƙafa huɗu, kilo 1,650 ne iyakarta a Turai, kilo 1,500 a Ostareliya, kusan kilo 800 a Amurka. Mai jan ƙafar gaba kawai kuwa kilo 800 ne a Turai. Dalilin bambancin ba ƙarfin inji ba ne kaɗai. A Turai doka ta rage wa mai ja gudu: kilomita 80 a awa a Jamus, sai da izini na musamman a kai 100, a Birtaniya kuma mil 60 a babban titi. A Amurka ana ja da gudu, ana kuma ɗora wa bayan mota kaso mafi yawa na nauyin tirela. Kasuwar Jidda ta tara motocin da aka yi wa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da waɗanda aka shigo da su na hannu daga Amurka da wasu wurare. Lambar da ke aiki ita ce wadda ke cikin littafin wannan motar takamaimai, ta wannan shekarar, ta wannan kasuwar. Lambar da aka gani a intanet ta wata ƙasa ba hujja ba ce, kuma idan littafin ya hana ja, maganar ta ƙare, komai ƙarfin ƙugiyar da mai walda zai ƙera.

Idan littafin ya yarda, sai a shiga lissafi. Lambobi huɗu ake nema: nauyin mota ba kowa a ciki, iyakar nauyinta idan ta yi lodi, iyakar abin da za ta ja, da iyakar nauyin da zai danne kan ƙugiya. Abin da za ta ja ma kashi biyu ne, domin tirela marar birki a tsarin Turai ba ta wuce kilo 750, sau da yawa ma ƙasa da haka. Ƙungiyoyin masu karafan na Birtaniya sun daɗe da wata shawara da ba doka ba ce amma ta samu karɓuwa: sabon shiga kada nauyin karafansa da lodi ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar ba kowa a ciki, gwani ma kada ya haura ɗari bisa ɗari. Hikimar a fili take. Idan abin da ke baya ya fi na gaba nauyi, shi zai riƙa juya mota.

A ɗauka mota tana da kilo 1,700, iyakar lodinta 2,200, iyakar janta 1,650, kan ƙugiyarta kuma kilo 75. Kashi 85 na nauyinta shi ne kilo 1,445. An sayo karafan mai kilo 1,100, mai shi yana murna akwai sauran fili. Sai aka cika tankin ruwa na lita 200, kowace lita kilo guda. Aka ɗora janareta mai kilo 50, da tukwanen gas biyu masu kilo 50 a haɗe, da na'urar sanyaya ɗaki mai kilo 40, domin a Jidda ba a kwana babu ita. Darduma da matasai da tanti da kayan girki da akwatin ƙanƙara da gawayi suka ci kilo 160. Karafan ya koma kilo 1,600. Bai kai iyakar littafi ba, amma ya tsallake kashi 85 da nisa. Ita kuma motar, kilo 500 ne aka bar mata: mutum biyar sun ɗauke 350, ƙugiyar kanta 25, dannin karafan 75, saura kilo 50 na duk abin da za a zuba a but. Iyalin da suka kai mutum shida ko bakwai sun riga sun wuce iyaka tun kafin a tayar da mota. A wannan gefen ne haibirid ta fi takura, saboda nauyin batir ya riga ya ci wani abu daga rabonta.

Matsalar ta fi tsanani ga karafan ƙirar gida. Wanda aka shigo da shi daga Turai ko Amurka yana da allon ƙarfe a jiki mai ɗauke da nauyinsa. Wanda aka haɗa a gareji da ƙarfe mai kauri da katako, aka shimfiɗa masa tayil a banɗaki, sau da yawa nauyinsa a bakin mai sayarwa kawai yake, mai sayarwa kuma ba ya ƙara wa kayansa nauyi a ciniki. Maganin wannan sikeli ne. A yankin da manyan motoci da masu sayen tsohon ƙarfe ke hada-hada ba a rasa ma'aunin da mota ke hawa. A auna karafan da cikakken lodinsa da ruwansa, a auna motar da mutanenta, a riƙe takardar.

Yadda aka jera kayan yana da muhimmanci kamar yawansu. Duk wanda ya san amalanken jaki ya san idan aka jibge buhuna a bayan taya jakin zai yi sama, idan aka jibge su a gaba kuma ya durƙushe. Karafan da aka yi wa lodi a wutsiya yana ɗaga bayan mota, tayoyin baya su rasa riƙo, da gudu ya ƙaru sai ya fara lilo hagu da dama. Wanda aka danne wa gaba kuma yana ɗaga ƙafafun gaban motar, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta haska sama, haibirid mai jan ƙafar gaba ta riƙa ƙwaƙular ƙasa a wajen tashi. A tsarin Turai ana so kashi 5 zuwa 7 na nauyin karafan ya sauka a kan ƙugiya, a na Amurka kashi 10 zuwa 15. A misalin da ya gabata, kashi 5 na kilo 1,600 ya kai 80, ya wuce 75 ɗin da motar ta yarda da shi, wato wannan haɗin bai yi ba ko ta wannan fuskar. Kaya masu nauyi a ƙasa suke zama, daidai saman tayoyi. Tankin ruwa rabin ciki ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana tambal-tambal yana tura karafan gefe a kowace kwana.

Ƙugiya da wayoyi su ne wurin da aikin ganin dama ke yin ɓarna. Ƙwallon ƙugiyar Turai milimita 50 ne, na Amurka inci biyu, wato milimita 50.8, akwai kuma babba mai inci biyu da ɗoriya. A ido kamar ɗaya suke, amma bakin karafan na Amurka a kan ƙwallon Turai yana iya zama kamar ya kama alhali da sauran wasa. Birki ma iri biyu ne. Na Turai yana kamawa da kansa idan karafan ya turo motar daga baya. Na Amurka na lantarki ne, sai an sa wa motar na'urar da ke aika masa umarni, in ba haka ba tamkar babu shi. A jikin haibirid ba a huda ko walda da ka. Wayoyi masu launin lemo da ke bi ta ƙarƙashinta suna ɗauke da wuta ta ɗaruruwan bolt, wadda ke iya kisa nan take, batirin kuma yawanci ƙarƙashin kujerar baya ko ƙasan but yake, kusa da inda ake ɗaure ƙugiya. Ƙugiyar da aka ƙera wa wannan samfurin, mai hawa ramukan da kamfani ya tanada, ita ce ta dace. Fitilun karafan kuma ba a yanko musu wuta kai tsaye daga fitilar baya; akwai ƙaramar na'ura da ke shiga tsakani, domin kada kwamfutar motar ta rikice. Ƙaramin batirin bolt 12 na haibirid bai kai na motar fetur girma ba, firjin karafan yana iya shanye shi a dare ɗaya, motar kuma ba ta tashi idan ya mutu ko da babban batirin a cike yake. Batun rajista da lamba da inshorar abin da ake ja yana hannun Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, da kamfanin inshora, kuma kafin fita ake warware shi.

Sai zafi, wanda shi ne ya bambanta Jidda da ƙasashen da aka rubuta yawancin waɗannan lambobi dominsu. A Yunin 2010 ma'aunin zafi a birnin ya kai digiri 52. Gwajin da kamfanonin Amurka ke bi wajen tantance ƙarfin ja, mai suna SAE J2807, ya haɗa da hawan wani dogon tudu na kusan kilomita 18 kusa da madatsar Davis a jihar Arizona, na'urar sanyi a kunne, zafin waje bai gaza digiri 38 ba. Wannan a Jidda ranar bazara ce ta kullum. Haibirid tana da abubuwa uku da ke neman sanyi: injin fetur, da na'urar sarrafa wutar lantarki mai nata ruwan dabam, da batir. A yawancin motocin Toyota iskar cikin mota ce ke sanyaya batirin, ta wata 'yar taga da ke gefen kujerar baya. Jaka ko bargo ko ƙurar da ta toshe ragar tagar sun isa su sa batirin ya ɗau zafi, kwamfuta ta janye tallafin lantarki, motar ta yi sanyin jiki a daidai lokacin da ake son wuce tirela. Duba ragar nan da wanke lagireto kafin tafiya ba su da tsada.

Titin gaɓar teku shimfiɗaɗɗe ne, amma mutanen Jidda idan zafi ya matsa Ɗa'if suke nufa, wadda ke kusan mita 1,900 sama da teku. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 10 na ƙarfinsa a kowace mita dubu saboda ƙarancin iska, kuma kamfanoni da dama na Turai suna ba da shawarar a rage jimillar nauyi da wannan gwargwado. A dogon hawa irin na Hada da ke kan hanyar Ɗa'if, ƙaramin batir yana ƙarewa cikin 'yan mintuna, a bar injin fetur shi kaɗai yana kuka. Saukowa ta fi hawa haɗari. Da farko injin lantarki ne ke riƙe motar yana cika batir, direba yana jin daɗi. Da batirin ya cika riƙon sai ya ragu, nauyin ya koma kan birkin taya, birkin da ya yi zafi kuma ba ya kamawa. Shi ya sa tun daga saman gangara ake mayar da giya kan B, ko ƙaramar giya a motocin da ke da ita, a bar inji ya riƙe motar, a riƙa taka birki ana saki.

A bakin teku matsalar ta ƙasa ce. Gaɓar kudancin Jidda tana da yashi da fadamar gishiri mai busasshen sama da laka a ƙasa. RAV4 haibirid mai jan ƙafa huɗu ba ta da sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya. Wani injin lantarki ne dabam ke juya tayoyin bayan. Ya isa a titi mai santsi, amma ba a yi shi don turzar yashi da tan ɗaya da rabi a wutsiya ba. Haka kuma a tsarin Toyota babu giyar baya ta ƙarfe, lantarki ne kaɗai ke mayar da motar baya, don haka tura karafan da baya zuwa kan tudu yana gajiyar da ita da wuri. Idan ta kafe ko ta lalace, ba a janta da igiya tayoyinta na juyawa a ƙasa, sai a kira satha, wato motar ɗaukar motoci, ta ɗauke ta ɗungurungum.

A kan titi, lilo yakan fara ne lokacin da babbar mota ta wuce ta turo iska, ko iskar arewa ta bugi gefen karafan a fili. Abin da ake yi shi ne a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, a bar gudu ya sauka da kansa. Taka birki da ƙarfi ko ƙoƙarin bin lilon da sitiyari ƙara shi suke yi, maganar da wasu direbobi ke yi cewa a ƙara wuta don a miƙar da shi kuwa ta jefa mutane da yawa cikin rami. Sababbin motoci suna da na'urar da ke lura da lilo ta taka birkin taya ɗaya-ɗaya, amma ba ta gyara mugun lodi. Gudun kilomita 80 zuwa 90 ya wadatar ko da allon titi ya ba da fiye da haka, tazara kuma a ninka ta. Tayoyin karafan sukan tsufa ba tare da sun cinye ba, domin wata da watanni suke yi a tsaye cikin rana da iskar gishiri. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Wadda ta haura shekara biyar a wannan yanayi ta canji ce, ko da zanenta bai goge ba.

Tsimin man da ya sa aka sayi haibirid yana raguwa sosai a lokacin ja, domin a buɗaɗɗen titi babu tsayawa da tashin da batir zai ci riba a kai, kuma shan mai yana iya kusan ninkawa. Ribarta tana cikin sauran kwanakin shekara da take yawo ba kaya. Ƙaramar tirela ta babur mai ƙafa huɗu ko ƙaramin kwale-kwale, ƙasa da kilo 750, haibirid da littafinta ya yarda za ta ja ta lafiya. Karafan mai birki da bai wuce kilo 1,300 da lodinsa ba ya dace da matsakaiciyar haibirid mai jan ƙafa huɗu, idan iyakar da aka rubuta mata ta kai, kuma a titin gaɓa. Karafan ƙarfe ƙirar gareji, ko hawan Ɗa'if da cikakken iyali a tsakiyar bazara, aikin babbar mota ce mai shasi, ko ta fetur ce, ko ta dizal, ko haibirid irin F-150.